Florence Lawrence: Jarumar da Aka Sayar da Sunanta, Aka Bar Ta da Kuɗin Asibiti

A farkon shekarar 1910 wani labari ya bazu a Amurka cewa matar nan da masu kallon majigi ke kira "Yarinyar Biograph" (Biograph sunan wani kamfanin fim ne) ta mutu, wai taragon lantarki da ke jigilar mutane a titunan birni ne ya banke ta. Jama'a suka shiga jimamin macen da suka daɗe suna kallon fuskarta amma ko sunanta ba su sani ba. Ba a jima ba, cikin watan Maris, sai ga talla a mujallar 'yan harkar fim, Moving Picture World, daga wani kamfani mai suna IMP. Tallar ta ce ƙarya ce, magabtan kamfanin ne suka ƙaga ta, Florence Lawrence na nan da ranta, lafiyarta ƙalau, kuma yanzu a IMP take aiki. Mai kamfanin, Carl Laemmle, ya tura ta birnin St. Louis tare da abokin fitowarta King Baggot domin a gan ta ido da ido. Mutane suka yi dafifi. Yawancin masu bin tarihin fim sun tafi a kan cewa Laemmle ɗin da ya fito yana ƙaryata mutuwar shi ne ya kitsa ta tun farko.

Daga wannan rana ake ƙirga haihuwar abin da muke kira tauraron fim, kuma galibi ana ba da labarin kamar wata nasara ce da 'yan wasa suka samu: ga shi an daina ɓoye su, an fara kiran su da sunansu. Ni ba haka nake karanta shi ba. A ganina ranar ce 'yan kasuwar fim suka gane cewa sunan mutum haja ne, ana iya tallarsa a ci riba, ba tare da an ɗauki nauyin mai sunan ba. Shekara 28 bayan taron St. Louis, Florence Lawrence ta mutu da gaske, kuma aka binne ta a kabarin da babu ko allon da ke ɗauke da sunanta. Masu ba da labarinta kashi biyu ne. Wasu na matse hawaye su ce duniya ke nan. Wasu na gyara murya su ce ƙarshen 'yar fim ke nan. Dukansu sun kauce wa tambayar da ta kamata a yi: cikin kusan fim 300 da ta fito, me ya sa babu ko ɗaya da ya ci gaba da ciyar da ita ranar da ta kasa tashi?

An haife ta ranar 2 ga Janairu, 1886, a garin Hamilton na lardin Ontario a Kanada. Sunanta na yanka Florence Annie Bridgwood. Mahaifinta maƙerin keken doki ne. Mahaifiyarta, Charlotte, 'yar wasan daɓe ce da ke amfani da sunan Lotta Lawrence, tana kuma da ƙungiyar wasan kwaikwayo tata ta kanta da ke yawo gari-gari. Florence na shekara uku aka fara hawa da ita dandamali. Kafin ta kai bakwai an san ta da iya fito da baki, har ana rubuta hakan a takardun talla. Wato ba ta zaɓi sana'ar ba, a ciki ta buɗe ido, kamar yadda yawancin 'ya'yan masu wasan yawo na wancan zamani suka tashi: yau a wannan gari, gobe a jirgin ƙasa, makaranta sai abin da ya samu. Bayan rasuwar mahaifin a 1898 iyalin suka koma Buffalo a jihar New York, inda ta ƙware a hawan doki.

Dokin nan ne ya shigar da ita fim sosai. Kamfanin Edison na neman yarinyar da za ta iya sukuwa a wani fim kan Daniel Boone wanda ya fita a farkon 1907, sai aka ɗauke ta ita da mahaifiyarta a kan dala biyar-biyar a rana, suna aiki a fili cikin sanyin hunturu. Daga nan ta wuce Vitagraph, sannan a 1908 ta koma Biograph, inda D. W. Griffith ya fara ba da umarni, a kan dala 25 a mako.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aikin yake a lokacin, don ba irin fim ɗin da muka sani ba ne. Ba a jin magana. Fim guda naɗi ɗaya ne, minti goma zuwa sha biyar. Ana nuna shi a ƙananan shaguna da aka jera wa kujeru, kuɗin shiga santi biyar, masu kallo kuwa leburori ne da baƙin haure waɗanda da yawansu ko Turanci ba su gama ji ba. Ɗakin ɗaukar Biograph wani tsohon gida ne a titi na 14 a New York, kuma a mako guda akan gama fim biyu ko fiye. Yau Florence matar aure ce mai ban dariya a jerin wasannin Mista da Misis Jones, gobe tana kuka a labarin ban tausayi, jibi tana kan doki. Tunda babu murya, komai a fuska yake da motsin jiki, kuma a nan ta yi wa saura zarra. 'Yan wasan daɓe sun saba da wuce gona da iri wajen ɗaga hannu da zare ido domin na kujerar baya ya gani. Ita ta gane cewa kyamara a kusa take, ba ta buƙatar duk wannan.

Sai wasiƙu suka fara zuwa kamfanin. Wace ce wannan yarinyar? Mene ne sunanta? Biograph ta yi gum. Ba ta sa sunan ɗan wasa ko ɗaya a fim ko a talla ba sai wajen 1913. Akan ce wasu 'yan wasan da kansu ba sa son a san suna fim, don a idon mutanen daɓe ƙasƙanci ne. Akwai gaskiya a ciki. Amma babban dalilin na lissafi ne: wanda jama'a suka san sunansa zai nemi ƙarin kuɗi, wanda ba a sani ba kuwa ana iya musanya shi gobe da safe. Laƙabin "Yarinyar Biograph" ma ai na kamfani ne. Da Florence ta tafi, sai aka riƙa kiran wata da shi.

Yadda ta tafi ɗin shi ne ya fi ba ni haushi a duk wannan zango na rayuwarta. A 1909 ita da mijinta Harry Solter, wanda suka yi aure a 1908, suka rubuta wa kamfanin Essanay wasiƙa suna neman ko za a ba su albashi mafi tsoka. Abin da kowane ma'aikaci ke yi ke nan. Essanay ba ta ɗauke su ba, ba ta kuma yi shiru ba, sai ta kai ƙararsu wurin Biograph, aka sallame su duka biyu. Dalili kuwa, tun ƙarshen 1908 manyan kamfanonin sun haɗa kai a ƙarƙashin wata gamayya da Edison ke jagoranta, wadda ta riƙe haƙƙin kyamara da na'urar haska fim. Abokan gasa ne a kasuwa, amma a kan ma'aikaci bakinsu ɗaya. Macen da fuskarta ke cika gidajen kallo ta wayi gari ƙofofin manyan kamfanonin a rufe gare ta, saboda takarda ɗaya.

A nan Laemmle ya same ta. Shi ɗan tawaye ne, yana yaƙi da gamayyar Edison a kotu da kasuwa, yana kuma neman makamin da zai jawo masu gidajen kallo su sayi hajarsa. Makamin shi ne sunan Florence. Ba don tausayi ya bayyana shi ba, ba kuma don ya yi imani da haƙƙin ɗan wasa ba. Ta yi masa fim wajen hamsin cikin kusan shekara guda, ta bar shi ta koma Lubin a Philadelphia, sannan a 1912 suka sake haɗuwa aka kafa kamfanin Victor a Fort Lee ta jihar New Jersey, ita ce jaruma a kan dala 500 a mako, mijinta darakta a kan 200.

Kada a ce na ɓoye wannan: ta samu kuɗi, kuɗi masu yawa. A Janairun 1914, da Henry Ford ya ce zai riƙa biyan ma'aikatan masana'antar motarsa dala biyar a rana, sai da jaridun duniya suka ɗauka, don abin ya yi kama da almara. Florence na karɓar abin da ma'aikacin Ford zai yi kwana ɗari yana nema, a mako ɗaya. Ta sayi gida da fili mai faɗin eka 50 a River Vale, tana shuka furanni, tana tuƙa motarta da kanta a lokacin da mace a sitiyari abin kallo ce. Har ƙirƙira ta yi: wani ɗan hannu da ake maƙalawa a bayan mota, direba ya danna maɓalli ya nuna inda zai karkata, da wani allo da ke ɗagowa idan an taka birki. Kakannin sigina da fitilar birki ke nan. Ba ta yi musu rajista ba, ba ta ci ko sisi a kansu ba. Na kawo wannan ne don ya nuna halinta: mace mai kaifin basira wadda ba ta damu da takarda ba.

To ina aka samu matsala? Albashi ne ake ba ta, komai yawansa. Albashi kuwa yana tsayawa ranar da aiki ya tsaya. Victor ɗin da ake cewa kamfaninta ne bai daɗe ba ya narke cikin Universal, babban kamfanin da Laemmle ya haɗa a 1912, kuma finafinan suka zama dukiyar Universal.

Shekara biyu-uku da kafa Victor, ana ɗaukar wani fim mai suna Pawns of Destiny, wanda ke da fitowar gobara. Wutar da aka kunna don wasa ta fi ƙarfin masu kula da ita. Florence ta ƙone, gashinta ya babbake, ta kuma faɗi faɗuwar da ta taɓa mata ƙashin baya. Ta yi watanni a kwance. Universal ta ƙi biyan kuɗin maganinta.

A nan nake so a tsaya. Ba a mashaya ta ji ciwon nan ba, ba kuma a yawon dare ba. A bakin aiki ta ji shi, a gaban kyamarar kamfani, a cikin wutar da kamfani ya kunna domin fim ɗinsa ya yi armashi ya sayu. Fim ɗin ya fita, an sayar da tikiti. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk wanda zai yi wa'azi da ƙarshen Florence Lawrence, sai ya fara gaya mini wace ɗabi'a ce tata ta jawo wannan, kuma wane tanadi ne zai ishi mutumin da aka karya wa baya yana shekara talatin ba cikakku ba, aka bar shi ya yi jinyar kansa.

Kuma Laemmle ba wani azzalumin da ya fita daban ba ne. "Kawu Carl" ake kiransa saboda yadda ya cika kamfaninsa da dangi. A shekarun 1930 ya tsaya wa ɗaruruwan Yahudawan Jamus suka samu izinin shiga Amurka, ya tsamo su daga hannun 'yan Nazi. Mutum ne mai alheri a inda ya ga dama. Abin da ya sa labarin ya fi tsorata ni ke nan. Inda babu doka ko yarjejeniyar da ta tilasta a biya, ko mai kirki sai ya duba littafin kuɗi ya ce ba dole ba ne.

Jinyar ta zo a mafi munin lokaci. Cikin 'yan shekarun nan harkar ta sauya kama gaba ɗaya. Kamfanoni suka tattara suka koma California. Gajeren fim ya ba dogo wuri. Sababbin fuskoki suka cika allo. Ta yunƙura ta dawo a 1916 da wani dogon fim, wahalar aikin ta sake kwantar da ita wata huɗu ba ta iya motsi. Da ta isa Hollywood a 1921, masu kallon da suka yi mata dafifi a St. Louis sun riga sun sami wasu gwanayen. Daga tsakiyar shekarun 1920 sai 'yan ƙananan fitowa, irin waɗanda ba a rubuta sunan mai yin su. Ta koma inda ta faro, fuska babu suna, sai dai yanzu ba mai aiko wasiƙa yana tambaya.

Sauran labarin ba ya buƙatar dogon bayani. Solter ya rasu a 1920. Ta auri wani dillalin motoci, suka buɗe shagon kayan kwalliya a Los Angeles, shagon ya rufe, auren ya mutu. Mahaifiyarta ta rasu a 1929, shekarar da kasuwar hannayen jari ta rushe ta tafi da abin da ya rage mata, kamar yadda ta tafi da na miliyoyin mutanen da ba su taɓa shiga fim ba. Aure na uku a 1933 wata biyar ya yi, mijin mashayi ne mai duka.

Akwai wata mace da ba a iya ba da labarin Florence ba tare da ita ba, wato Mary Pickford. Kamanninsu har da ban mamaki. Ita ma 'yar Ontario ce, daga Toronto. Ita ma tun tana ƙarama take wasan daɓe. Ita ma mahaifinta ya rasu a 1898, sunan mahaifiyarta ma Charlotte. Ta shiga Biograph a 1909, ta gaji matsayin Florence a can, ta sake gadar sa a IMP. Amma Pickford, da uwarta a gefe tana duba kowane layi na kwantiragi, ta gane abin da Florence ba ta gane ba. A 1916 ta sa Adolph Zukor, shugaban kamfanin da take wa aiki, ya sa hannu a kan dala 10,000 a mako da rabin ribar finafinanta. A 1919 ita da Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks da Griffith suka kafa United Artists domin su riƙa rarraba finafinansu da kansu. Ta daina fitowa a 1933, amma ta rayu har 1979 cikin dukiya, don abin da ta mallaka bai dogara da ƙuruciyarta ba.

Da yawa a nan suke tsayawa su ce to ga darasi, kowa ya yi wayo irin na Pickford. Ban yarda ba. Pickford ɗaya ce a cikin dubbai. Ta iya gindaya sharaɗi ne domin a lokacin babu fuskar mace da ta kai tata kawo kuɗi a duniya. Mai fitowa a matsayin uwa, ko kuku, ko ɗan sanda na biyu daga hagu, ba shi da wannan ƙarfin, kuma ba zai taɓa samu ba. Idan ya ce a ba shi kaso, akwai mutum goma a bakin ƙofa da za su yi a rabin kuɗin. Sana'ar da sai ka zama na ɗaya a duniya kafin ka tsira daga bara a tsufanka, ba a gina ta daidai ba. Ko dukiyar ma ba ta saya wa Pickford kwanciyar hankali ba, don ta ƙare rayuwarta a kulle a gida tana fama da giya. Amma wannan wata magana ce daban.

Abin da ya fi burge ni game da Pickford ba kwantiraginta ba ne. Ita da kanta ta san wayonta ba zai ceci kowa ba. A 1921 tana cikin waɗanda suka kafa asusun tallafa wa 'yan fim da suka shiga wani hali, wanda ya fara da akwatunan jefa tsaba a wuraren ɗaukar fim. Da aka ga tsaba ba za ta kai ko'ina ba, a 1932 ta jagoranci tsarin da masu albashi mai kauri za su yarda a riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga kuɗinsu kai tsaye. Da irin wannan tattali aka gina gidan tsofaffin 'yan fim a Woodland Hills, wanda aka buɗe a 1942, aka ƙara masa asibiti a 1948, kuma yana nan har yau. A gefe guda, bayan kamfanoni sun zabtare rabin albashin ma'aikata a 1933, 'yan wasa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙwadago. Sai a 1960, bayan yajin aikin kusan mako shida a ƙarƙashin shugabancin Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, aka amince a riƙa biyan ɗan wasa wani abu idan an sake nuna fim ɗinsa a talabijin, aka kuma kafa asusun fansho da na lafiya. Ko a nan ma finafinan da aka yi kafin 1960 ba su shiga ba. Shekara hamsin cur tsakanin ranar da aka fara sayar da sunan ɗan wasa da ranar da aka yarda yana da haƙƙi a kan aikinsa bayan an gama ɗauka.

Florence ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai na sadaka. A 1936 Louis B. Mayer na kamfanin MGM ya fara ɗaukar tsofaffin taurarin zamanin fim marar magana yana ba su 'yan ƙananan fitowa a kan dala 75 a mako, ita ma ta samu. Ana yaba masa a kan haka, kuma ban ce kada a yaba ba. A tsakiyar matsin tattalin arziki dala 75 kuɗi ne. Amma kyauta ce, mai bayarwa na iya janyewa ranar da ya so, mai karɓa kuma dole ta yi godiya a kan abin da a tsari mai adalci haƙƙinta ne. A 1937 likitoci suka gano tana da wata cutar ƙashi da ba ta da magani, mai tsananin ciwo. Ranar 28 ga Disamba, 1938, ta sha guba a gidan da take zaune a West Hollywood. Shekarunta 52. Asusun nan da su Pickford suka kafa shi ya biya kuɗin jana'izarta. Kabarin ya zauna babu alama har 1991, lokacin da ɗan wasa Roddy McDowall ya biya aka sa masa dutse.

Ban ɗauko labarin nan don na tsorata 'yan mata masu sha'awar fim ba, ban kuma ɗauko shi don na yi musu talla ba. Mahawarar ko ya dace mace ta yi fim tana da masu yin ta, sun kuma daɗe suna yi. Tawa ta fi wannan ƙanƙanta: duk wanda aka riga aka sa aiki, mace ko namiji, wa ke ɗaukar nauyinsa idan aikin ya ji masa ciwo, kuma me yake samu idan aikin ya ci gaba da kawo kuɗi bayan shi ya gaza?

Tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A farkon 2022, da Ladin Cima ta faɗa a wata hira da BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake sallamar ta da su a fim, an yi kwanaki ana cacar baki. Wasu furodusoshi suka fito suka ce su dai sun biya ta fiye da haka. Jama'a suka rabu, wasu na zagin masu shirya fim, wasu na cewa butulci ne. Aka tara mata abin da aka tara, ƙura ta lafa. Abin da na lura da shi shi ne duk gardamar a kan nawa aka ba ta a hannu ranar aiki take. Ko da an ninka kuɗin sau goma, matsalar Florence Lawrence ce dai: sallama ce ta yini guda. Kuma kowa ya san abin da ke biyo baya, don mun sha gani. Sai an ɗauki bidiyon tsohon ɗan wasa a kan gadon asibiti, an saka lambar asusu a ƙasa, an yaɗa a Facebook da TikTok, sannan a fara neman wani mai hali ko ɗan siyasa ya taimaka. Mutumin da ya shekara talatin yana sa mu dariya, sai an tallata rashin lafiyarsa kafin ya sami magani.

Na san amsar furodusa, kuma ba ta banza ba ce. Zai ce ni ma da ƙyar nake mayar da uwar kuɗi. Satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, abin da YouTube ke biya bai taka kara ya karya ba, wani fim ɗin ma asara ce tsagwaronta, kuma idan an yi asara ɗan wasa ba ya dawo da nasa. Gaskiya ne, wanda ya zuba jari shi ya ɗauki kasada, ya kuma cancanci kaso mafi girma. Amma kamfanonin Amurka na 1910 ma haka suke cewa, kuma da yawansu sun karye da gaske. Biograph da Lubin da Essanay duk sun daina shirya fim kafin 1920. Laemmle kansa an raba shi da Universal a 1936. Rashin tabbas ɗin sana'ar ai shi ne hujjar kafa asusu, ba hujjar ƙin kafawa ba. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai taɓa karya wani kamfani ba. Abin da yake buƙata shi ne a rubuta, a cire kafin kuɗi ya shiga aljihu, a kuma sami amintattun da za su riƙe, suna bayyana lissafi. Na ukun nan ne mai wuya, na sani, amma wuyarsa ba ta kai ta yawon neman taimako da hoton mara lafiya ba.

Akwai kuma batun abin da ya faru da finafinan nata, wanda ya nuna inda hankalin kamfanoni yake. Fim ɗin wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai saurin kamawa da wuta, wanda kuma ke ruɓewa idan ya daɗe. Wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace ɗungurungum. Universal da hannunta ta lalata mafi yawan nata a 1948, don a lissafinta ba za su ƙara kawo kuɗi ba, kuma aikin Florence na IMP da Victor kaɗan ne ya tsira. Na Biograph kuwa da yawa suna nan, ana iya kallon wasu a intanet yau. Dalilin shi ne kafin 1912 dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta san fim ba, hoto kawai ta sani. Sai Biograph ta riƙa buga kowane hoton da ke cikin fim a kan doguwar takarda, tana kai wa laburaren a yi mata rajista don kada wani ya kwafa ya sayar. Takarda ta fi fim ɗin jure zamani, daga baya aka mayar da su fim. Kamfanin da ya ƙi sa sunanta a allo bai yi sakaci ko sau ɗaya ba wajen rubuta nasa a rajistar gwamnati.